Gyaran Kafireta Daga Zaure

Malam Dalhatu na Unguwar Tudu bai taɓa mallakar mota ba, amma babu direban Gwarzo da bai san darbejiyar da yake zama ƙarƙashinta ba. Ya koyi makanikanci a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da sabon kayan gyara ya gagari talaka, sai dai a lallaɓa tsoho. Abin da ya ƙware a kai shi ne kafireta, inda fetur ke haɗuwa da iska. Da kunne yake aiki. Sai ya karkace kai kamar mai sauraron gulma, ya murɗa ɗan noti, inji ya dawo hayyacinsa. Ga faɗa kuwa, musamman da masu matse notin nan wai don mai ya yi auki.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, wani dattijo mai suna Jalo ya zo daga Kabo ya ɗauke shi a babur. Ƙanwar Jalo, Uwaliya, tana takaba. Mijinta ya bar mata 'ya'ya biyar da injin markaɗe, a kafe da siminti a tsakar gida. Mai na wahala, sai Jalo ya matse notin da bakin wuƙa don tattali. Tun ranar inji ke tari, da an zuba gero sai ya mutu. Kwana tara ke nan, masu markaɗe sun fara komawa wata unguwa, alhali da injin nan gidan ke ci.

Surukin Uwaliya, tsohon malami ne, ya ce baƙo ba ya wuce masa zaure, ko da mata sun shige ɗaki. Dalhatu bai yi musu ba, ya nemi tabarma. Jalo ya miƙo hannu zai karɓi sukudireba.

"Kai da ka ɓata?" in ji Dalhatu. "Kai wa mai injin, ita za ta murɗa."

Ya ɗaga murya ya yi mata gaisuwar rashi, ta amsa daga bayan katanga. Ya kwatanta mata notin, aka tayar da inji.

"Malama, sassauta shi hagu, kaɗan-kaɗan, kamar kina rage lagwani."

Tarin ya ragu. Dalhatu ya lumshe ido.

"Ƙara. Tsaya! Kin zarce, ba ki ga baƙin hayaƙi ba? Dawo da shi."

Haka suka yi ta yi, yana faɗa tana haƙuri, har kukan injin ya fara miƙewa. Ya ce ta ƙara ɗan kaɗan. Ba ta murɗa ba.

"Malama, na ce ƙara."

"A'a, Malam, nan ne," in ji ta. "Haka yake kuka da mai gidan yana da rai. Shekara goma sha ɗaya ina jin sa daga madafa."

Dalhatu ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya sake kasa kunne. Aka zuba gero, inji ya haɗiye bai ko yi tari ba. Gaskiyarta. Tausayi ya kama shi, har da 'yar kunya. Tunda yake, babu wanda ya taɓa riga shi ji.

Da Jalo ya fito masa da sukudireban, sai Dalhatu ya ce a mayar mata, ta ajiye inda Jalo ba zai gani ba.