Yaya Sarmidi, wa zai fita neman Darmo yanzu?

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabcinmu Sarmidi Kartoredjo a matsayar jiragen ruwa ta garinmu Marienburg, da jarkar mai a hannunsa. Aka yi masa sutura bayan la'asar. Ni ce Ponirah, mai sayar da miyar kaza da muke kira saoto a bakin kasuwa, uwar Darmo, wanda ya fita teku bai dawo ba har yau.

Yaya Sarmidi, ban san ta inda zan fara ba. Tun da mijina ya rasu, duk lokacin da ka dawo daga su sai ka aje ƙunshin kifi cikin ganyen ayaba a bakin ƙofata, ka ce wai matarka Tukinem ta gaji da ƙarni. Na san ba haka ba ne, ita ma ta sani. Shekarar da ruwan sama ya ɓalle min kwanon ɗaki, kai ka hau ka buga shi da ciwon gwiwarka. Da na kawo maka shayi, sai ka ce ba ka shan shayin mai rowar sukari, don kawai in yi dariya.

Ɗana Darmo direban bas ne, ba masunci ba. Amma tun yana saurayi yake da burin mallakar jirgin da zai riƙa fita teku da shi jefi-jefi ranar Lahadi, ya jefa ƙugiya. Da Allah Ya hore masa, sai ya zo maka da hoton wani jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa a wayarsa yana ta murna. Ka duba hoton, ka miƙa masa wayarsa.

"Wannan ai faranti ne," in ji ka. "A kogi zai kai ka gidan surukai lafiya lau. A teku kuwa, igiyar ruwa ta farko za ta kife ka."

"Baba, ai ba kullum zan fita ba."

"Shi ya sa. Mai fita kullum ya san halin ruwa. Kai baƙonsa ne, jirgin da zai yafe maka kuskure kake bukata."

Daga nan kuka shiga yawo, daga bakin kogin Commewijne har babban birni Paramaribo. Kana ƙwanƙwasa jikin kowane jirgi da yatsa, kana leƙa ƙasansa, kana sa a tayar da inji tun yana sanyi. Wani dillali ya gaji da kai ya ce, "Tsoho, jirgi za ka saya ko aurensa za ka yi?" Ka ce masa ai da aure ne da sauƙi, ana iya saki. Darmo ya dawo gida yana ba ni labari, dariya har da hawaye. A ƙarshe kuka samu wani shuɗin jirgi mai tsinin gaba da dogayen gefuna, an cusa masa kumfar roba a ƙarƙashin daɓe yadda ko ya cika da ruwa ba zai nutse ba. Kai da kanka ka ɗinka masa rumfar tamfol, ka kuma sa sharaɗi: kada ya taɓa fita shi kaɗai, kada ya fita ba jarkar ruwan sha biyu.

Ya kiyaye. Ranar Lahadin farko ta wannan wata ya fita da abokinsa Legimin, sama tas babu hadari. Rana ta faɗi ba su dawo ba. Wayoyinsu ba sa shiga. Jiragen hukuma suka yi iya ƙoƙarinsu, daga baya suka janye. Mata suka fara shigowa gidana da lulluɓi, suna zama a kan tabarma. Wata ta dafa kafaɗata ta ce in yi haƙuri, in bar wa Allah.

Kai kaɗai ka shigo ba ka zauna ba. Ka tsaya a bakin ƙofa, hularka a hannu.

"Maman Darmo, tashi ki wanke fuska. Ni na zaɓi jirgin nan, ba ya nutsewa. Inji ne ya mutu musu, ruwa na jan su yamma. Suna da rumfa, suna da ƙugiya, kuma ana ruwan sama. Kada ki bari kowa ya yi miki gaisuwa."

Tun daga ranar kake fita da tsohon jirginka. Likita ya daɗe da hana ka teku saboda zuciyarka, 'ya'yanka suka ɓoye makullin inji, ka tayar da shi ta haɗa wayoyin wuta. Kana dawowa leɓɓanka sun tsage, idanunka jajir saboda gishiri, ba ka iya haɗiye shinkafar da Tukinem ta zuba maka. Na roƙe ka ka huta ko yini ɗaya ne. Ka ce su ma can ba hutawa suke yi ba.

Ranar Talata ka shigo da gudun da ban taɓa ganin jirginka ya yi ba. Tun kafin ka ɗaure igiya kake ɗaga murya. Ka ce masu wani babban jirgin kama jatan lande sun gaya maka cewa jiya sun hango shuɗin jirgi can nesa, wajen ruwan ƙasar Guyana da ke yamma da mu, da rumfarsa a tsaye. Sun zaci masunta ne, suka wuce. Ka ce a cika maka jarkoki da mai, yanzu za ka koma. Ka ɗauki ta farko, ka taka katakon hawa jirgi, sai ka durƙusa. Tukinem ta rugo, kanka na bisa cinyarta ka yi shahada. Babu wanda ya samu tambayar ka sunan wancan babban jirgi, ko daidai inda suka gan su.

Yaya, ka tafi da wannan a bakinka. Na bi matsayar jirage ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Masu manyan jirage sun ce ba za su bar aikinsu a kan jita-jita ba. Masu ƙanana sun ce nasu ba sa kaiwa can, kuma gaskiya suka faɗa, kai ma da haka za ka ce musu. Jirginka na nan ɗaure, jarkokin a cike, babu matuƙi. Duk wanda ya karanta wannan, in yana da jirgin da ke iya teku, ko ya san mai shi, don girman Allah ya zo Marienburg ya tambayi Ponirah mai saoto. Ruwa bai daina jan su ba.

Yaya Tukinem, ban san da wane ido zan kalle ki ba, amma ke kika riƙe hannuna a wajen zaman makoki, kika ce da ya zauna a gida da baƙin ciki ne zai kashe shi. Allah Ya ba ki haƙuri, ke da 'ya'yanku Sumiati da Warsini da jikokinku, da dukan masuntan Commewijne.

Ya Allah, bawanka Sarmidi ya zo maka da gishirin teku a jikinsa, yana neman ɗan da ba shi ya haifa ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka shayar da shi ruwa mai sanyi, Ka sa shi a Aljanna Firdausi.

Da za a shafa addu'a, liman ya matso ya tambaye ni a hankali ko a haɗa sunan Darmo da Legimin cikin mamata. Na ce a'a, Malam. Sarmidi kaɗai.