Ƙofar da Goggo Hajara ta sa aka fasa

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar Goggo Hajara, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun daga yaye har aure. Ita ce ungozomar unguwarmu a nan Potiskum. Da wuya ka sami sa'ana a layinmu wanda ba ita ta yanke masa cibiya ba.

Sa'ad da nake tasowa, gidajen unguwar na ƙasa ne da zana, kuma tsakanin kowane gida da na maƙwabci akwai 'yar kafa ta baya. Maza suna da zaure da titi da masallaci, mu kuwa ta wannan kafa muke zumunci. Mace kan ratsa gida huɗu ta ɗebo wuta ko ta aro rariya ba ta ɗauki mayafi ba. Ta nan ake sanin wadda zazzaɓi ya kwantar, da wadda ba ta ɗora tukunya ba yau. Ngizimawa da Karekare da Fulani, kowa da irin Hausarta, amma ana fahimtar juna.

Wajen lokacin da aka ba mu jiha, dillalan shanu da ma'aikata suka fara sayen gidajen unguwar. Wani dillali, Alhaji Buba, ya sayi na jikin namu, ya rushe, ya tayar da katangar bulo da fasassun kwalabe a samanta, ya sa ƙofar ƙarfe. Daga ruga ya kawo matarsa Dija da tsohon ciki. Ba wadda ta taɓa ganin fuskarta, sai dai mu ji motsin kwanukanta.

Wata ranar kasuwa ya kulle ƙofar ta waje ya tafi kara. Da hantsi muka ji nishi ta bayan katanga. Goggo tana wanki, ta tsame hannu ta kasa kunne, ta ce, "Wannan naƙuda ce, kuma ta yi nisa." Muka buga ƙofa, kwaɗo ne a jiki. Ta sa muka jingina tsani, ta shimfiɗa buhu a kan kwalaben, tsohuwa mai furfura ta haye ta dira ta kan rufin kicin. Ni na riƙa miƙa mata ruwan zafi ta sama. Jaririyar ta zo da cibiya a naɗe a wuya, ta daɗe ba ta yi kuka ba. Da ta yi, duk matan da suka taru a tsakar gidanmu sai da suka yi hamdala.

Alhaji ya dawo da la'asar ya tarar da Goggo zaune a gidansa, dantsenta ɗaure da tsumma inda kwalba ta yanke ta.

Ya ce, "Goggo, wallahi tsaro na yi. Gari ya cika da baƙi."

Ta ce, "Ɗana, ko shanunka ba ka barinsu ba makiyayi. Ɓarawo ka so tsarewa, sai ka tsare har da mu."

Ba mugun mutum ba ne. Kafin ranar suna ya kira magini aka fasa ƙaramar ƙofa tsakaninmu. Daga nan Dija ta zama 'yar gida. Duk inda aka kira Goggo haihuwa, ita ce mai riƙe mata ƙwarya, har ciwon ajali ya kwantar da tsohuwar.

Ina yawan tunanin abin da za ta ce da ta ga unguwar yau. Na san za ta yi murna da famfo a tsakar gida, don guga ya cinye mata tafin hannu. Amma tsoffin maƙwabta sun koma bayan gari, wasu har Nangere. Mu ma da aka raba gado an sayar da namu, wanda ya saya ya toshe ƙofar. Maza ba su rasa komai ba, har yanzu tabarmarsu tana ƙofar masallaci. Mace kuwa sai ta yi ɓari ta warke, wadda ke jikin katangarta ba ta ji ba.

Dija ce ungozomar unguwar yanzu. Ta babbar ƙofa take fita, kuma sau da yawa Alhaji da kansa yake kai ta a babur. Watan jiya ƙanwata ta tashi da naƙuda, aka ɗauko Dija. Tana shiga ta kori mijin waje, ta wanke hannu har gwiwa, ta dafa goshin yarinyar ta ce, "Kar ki ji tsoro, 'yata, ba ke kaɗai ba ce a ɗakin nan." Da Hausarta ta Fulani ta faɗa, amma maganar Goggo ce, haka take ce wa kowace mace. Ina riƙe da butar ruwan zafi, sai da na ajiye ta na share ido.

Allah Ya haskaka kabarinki, Goggo.