Mangwaron Baba Yohanna

Ɗazu ina cikin Keke Napep a Kakuri, sai na hango wani dattijo yana shiga ta ɓarakar shingen kwano da jarka a hannu. Wallahi sai da na ce mai keke ya tsaya.

Filin tsohon zauren taron ma'aikatan masaƙa ne. An rushe shi za a gina bene mai taɓo sama, shekaru ke nan babu komai sai rami da hoton benen da rana ta koɗar.

Dattijon, Baba Yohanna, tsohon ma'aikacin masaƙar ne. Bishiyar mangwaro ɗaya ta rage a filin, masu haƙa fandisho sun datse mata saiwa, shi ne kullum yake kawo mata ruwa.

Na ce, "Baba, ba ka ga jan fenti a jikinta ba? Sare ta za a yi."

Ya yi dariya. "Ɗana, sau uku damina tana wanke fentin nan. Abokin aikina marigayi Malam Sani ya haƙa mata rami, ni na dasa. Ranar da suka shirya zuwa da zarto, su same ta da ganye."

Bana ma ta yi 'ya'ya, benen ko bulo ɗaya babu.

Ku fa, akwai irin Baba Yohanna a unguwarku?