Idon Mossie Quirke

Shekara talatin da ɗaya Mossie Quirke ya yi yana tsayawa a gindin turken raga da farar kwat, duk Lahadin da ake wasan ƙwallon sanda na hurling a yankinmu na Tipperary. Goma sha biyu daga ciki ni ne a ɗaya turken. Aikin ba yawa: in ƙwallo ta shiga raga a ɗaga koriyar tuta, in ta bi ta sama tsakanin turakan a ɗaga fara, in ta kauce a buɗe hannuwa. Sai dai ƙwallon ba ta kai dunƙulen hannu ba, kuma in ƙato ya make ta da sanda daga tsakiyar fili, ƙiftawa ɗaya ta isa ka yi wa ƙauye guda laifin da za su riƙa goranta wa jikokinka.

Mossie direban motar madara ne a da, mai bin gona-gona da asuba. Bayan ya bar aiki matarsa Breda ta rasu, 'yarsu kuma tana Ostiraliya, ya rage daga shi sai kare a gidan da ke mil shida da gari. Mahaifiyarsa ta makance kafin ta rasu, shekara tara ana jan hannunta. Ba ya son a tayar da zancen.

Shekara biyu kafin abin ya faru na fara lura da idonsa. Ƙwallo za ta taso, sai in ga ni yake kallo maimakon sama. Ban tambaye shi ba, shi ma bai ce uffan ba. Na dai koyi taɓa hulata in ta shiga, in sa hannu a aljihu in ta kauce, shi kuma ya bi. Ko Con Shanahan, alƙalin wasan da muke yi wa aiki, bai sani ba. Kowace Lahadi in an tashi wasa nakan tsaya ina kallon motarsa har ta sha kwana.

A daminar shekarar da abin ya faru ne Mista Kuriakose ya zo daga Kerala ganin 'yarsa Lissy, ma'aikaciyar jinya a gidan tsofaffi. Zaman gida ya ishe shi, ya jiyo ihu ya biyo, ya tsaya a bayan ragarmu da laima da rigar sanyi har kunne. Ƙwallon farko da ta wuce ta gefen kansa, ya tambaye mu da gaske ko 'yan sanda sun san ana wannan abin. Mossie ya yi dariya har da tari. Daga ranar ya riƙa zuwa, Mossie na koya masa wasan ta kan kafaɗa yana kiransa Farfesa. Farfesan kuwa duk waɗanda ake ci, su ne nasa.

Abin da ya dame ni, a hankali ya daina bin ƙwallo da ido ya koma bin mu. In na taɓa hula, in waiga, sai mu haɗa ido. Da Lissy ta gaya min a bakin coci cewa babanta shekara talatin da huɗu ya yi yana auna idon mutane a asibiti, ban iya cin abincin rana ba.

Ranar ta zo a watan Satumba, wasan kusa da na ƙarshe tsakanin ƙauyuka biyu da ba sa ga-maciji tun kakanni. Ci ya yi daidai, saura minti ɗaya. Aka ɗauko wata doguwar ƙwallo ta ɓangaren Mossie, a daidai lokacin wani ɗan baya ya zame ya kwashe min ƙafafu. Ban ga komai ba. Da na miƙe, Mossie na tsaye yana kallona, yana jiran hula ko aljihu. Na bar hannayena a sake. Fili ya ɗauki ihu ta ɓangare biyu, Con ya taho a guje.

“Mossie, ta shiga ko ta kauce?”

“Ban gani ba, Con.”

“Rana ce ta kashe maka ido?”

“Ba rana ba ce. Na daɗe ba na gani.”

Con ya yanke cewa ta kauce, don haka ya hango daga inda yake, aka tashi kunnen doki. Muna fita wani ya ce a haɗa wa tsohon nan sandar makafi, wani ya ce gara a ba karensa kwat ɗin. Mossie bai ɗaga kai ba.

A wajen ajiye motoci muka tarar da Mista Kuriakose ya jingina da ƙofar motar Mossie. Mossie ya ce masa ya matsa, yau ba ranar darasi ba ce.

“Mista Quirke, wata biyu kana koya min abin da ka sani, ban yi maka gardama ba. Ba ni minti ɗaya.”

Ya haska masa fitilar waya a ido ɗaya bayan ɗaya, ya sa shi ya rufe kowanne ya ƙirga yatsu. Ya ce na hagu yanar ido ce kawai, aikin rabin awa. Na dama kuwa bai kwanta masa ba, kuma ba zai yi masa ƙarya ba, a cikin satin nan ya je ya ga likita. Sannan ya zare makullin daga hannun Mossie ya miƙo min.

Na ja motar muka nufi gidan Mossie. Mun yi mil huɗu sai ya ce wane irin aboki ne ni, shekara biyu ina kallonsa yana tuƙi a haka ban buɗe baki ba. Na ce shi ma ai bakinsa ba a ɗinke yake ba. Ya ce tsoro yake ji. Na ce ni ma.

Mista Kuriakose ya koma gida a Oktoba. A Fabrairu aka cire yanar, idon hagu ya dawo tar. Na dama hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye fiye da rabi, likita ta ce abin da ya rage kawai za a tsare. Mossie bai sake sa kwat ba, yanzu shi ke buɗe ƙofar fili. Yana ɗiga magani safe da yamma yana mita.

Duk bayan wata uku ni nake kai shi asibiti a sake aunawa, don ciwon na iya tsallakawa zuwa idon hagu. A hanya yakan cika ni da surutun wasa, amma da mun zauna a layi sai ya ɗora hula a gwiwa yana murza ta. Ranar Talata mai zuwa muke da ganin likita, ƙarfe goma.