Sa Hannun Mai Burki

Yayana shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran lifta, na'urar nan mai hawa da sauka da mutane a dogayen benaye. Wanda bai san shi ba zai ce aikin ne ya mayar da shi yadda yake, amma ni da muka fito ciki ɗaya na san halinsa ne tun muna yara: ko ƙofa ya kulle sai ya dawo ya girgiza ta. In ya gama gyara ba ya barin kowa ya shiga sai ya hau shi kaɗai ya sauko sau goma, mutane na tsaye da kaya a hannu suna ta tsaki. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce ita kaɗai ya taɓa yarda da ita, ita ɗin ma sai da ya gwada.

Tun rasuwarta nake zaune a gidansa, don haka a idona aka yi komai. Da ya ajiye aiki zama ya gagare shi. Ya kwance fankar falo ya ɗaura, ya kwance ta ɗakina, ya soma yi wa firji wani irin kallo. 'Yarsa ce ta ceci sauran kayan gidan, ta sa masa wani wasa a tsohuwar kwamfutarta. Wasan gina filin shaƙatawa ne: ka shimfiɗa hanyoyi, ka kafa lilo, ka ja layin dogo mai hawa da gangara, sai 'yan mitsi-mitsin mutane su cika wurin suna ihu, suna amai, suna ƙorafin banɗaki ya yi nisa. Ni dai na ce tsufa ya zo da wuri.

Wasan ba na wani kamfani ba ne. Mutane ne barkatai a duniya, kowa da sana'arsa, suke gina shi kyauta a lokacin hutunsu, cikinsa a buɗe kamar injin da aka cire wa murfi. Duk mai iyawa ya yi gyara ya aiko, wanda bai iya ba ya kawo ƙara a zaurensu na intanet. Yaya bai yi sati biyu ba ya kai ƙara. Ya gano cewa in ana ruwan sama a cikin wasan, kuma wani jirgi yana tsaye a tasha, na bayansa yakan wuce burki. Ya rubuta musu irin rahoton da ya saba rubutawa a wurin aiki: abin da ya yi daki-daki, sau nawa ya gwada, sau nawa ta faru. Bakwai cikin goma. Tun daga ranar sunansa ya koma Mai Burki.

Suna da doka guda da ba sa wasa da ita. Babu gyaran da ke shiga wasan sai wani daban, ba wanda ya rubuta shi ba, ya gwada ya sa hannu. Mutum shida ke da wannan izinin, shugabarsu wata likitar haƙori ce. Bayan shekara guda suka mayar da Yaya na bakwai, shi kaɗai a cikinsu da bai iya rubuta ko layi ɗaya na yaren kwamfuta ba. Nasa gwaji ne kawai.

Shekara tara ya yi a kan kujerar nan ta gefen taga. Ƙarfe takwas na safe ya zauna da shayinsa, kamar mai zuwa ofis. Ya amsa tambayoyin sababbin shiga, tambaya ɗaya sau ɗari, ba ya gajiya, alhali ni in na tambaye shi inda ya ajiye almakashi sai ya haɗe rai. Masu gyara kuwa sun sha wuyarsa. Wani ya taɓa rubuta masa cewa ranar da ya aiko gyaransa matarsa na da ciki, yanzu jaririyar ta fara zama, don Allah a duba. Yaya ya yi masa barka, ya ce saura gwaji uku.

Ni na fara gane idonsa na tafiya, ranar da ya zuba shayi a gefen kofi. Asibiti suka ce hawan jinin ido ne, kuma ya yi nisa. Ya ce kada in kuskura 'yarsa ta ji, balle mutanen zauren. Ya ƙara girman rubutu har harafi uku ke cika allo. Ya sayi gilashin ƙara gani. Daga baya ya koma aiki da kunne: ya san ƙarar kowane jirgi, ya san kukan burki mai lafiya da marar lafiya. Na ce masa wannan ganganci ne, ya ce in kula da tukunyata. Wallahi na ji haushi, amma na yi shiru, kuma shirun nan nawa yana cikin laifin.

Sai aka aiko wani gyara kan hanyoyin ƙafa. Ya gwada yadda ya saba, jirage na tafiya, burki na kamawa, mutane na ihunsu. Ya sa hannu. Ashe gyaran yana goge hanyoyin duk wani tsohon fili da aka buɗe aka sake ajiyewa, kuma gogewar ba ta da ƙara. Da safe zauren ya cika da koke. A ciki har da wata ma'aikaciyar jinya da ta shekara shida tana gina filinta tsakanin wannan dutin asibiti da wancan. Ba ta zagi kowa ba, tambaya kawai ta yi ko akwai yadda za a dawo da shi. Babu.

Al'adarsu in an yi ɓarna ba a tambayar wa ya yi, sai dai yaya aka yi. Cikin kwana biyu suka toshe ramin, suka ba da haƙuri da sunan kowa, ba a ambaci Yaya ba ko sau ɗaya. Wannan karar da aka yi masa ita ta hana shi cin abinci. Ya sa ni na zauna na rubuta musu gaskiyar idonsa, da roƙon a cire shi daga cikin bakwai ɗin.

To, jerin sunayen nan shi ma a cikin kayan wasan yake, don haka cire suna gyara ne kamar kowane gyara, sai wani daban ya sa hannu. Mutum shida, babu wanda ya taɓa. Sati uku roƙon na zaune. Kullum ya tambaye ni, kullum in ce shiru. Ni har cikin raina na so su ci gaba da ƙi, don ban san me zai tashi ya yi da ƙarfe takwas ba.

Likitar ta kira shi a waya. Ta ce kowa na kuskure, ita ma ta taɓa sa hannu a abin da ya fi wannan muni. Ta ce ya riƙe izinin ko da ba zai yi amfani da shi ba, don girmamawa. Ya bar ta ta gama.

"Likita, ke kin duba ne ba ki gani ba," in ji shi. "Ni na san ba na gani, na sa hannu. Tunda kun kasa, ke ki rubuta a cire ni. Ni zan sa hannu."

Washegari da hantsi saƙonta ya iso.

Ya zauna a kujerarsa, ya sa na karanta masa. Layi ɗaya ne, an ja jan zane a kan sunansa. Ya tambaya ko an taɓa sunan wani, na ce a'a. Ya ce in sake dubawa, na duba. Sai ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar yana lalube, kibiyar na ta yawo a allo ba ta san inda za ta ba. Na kama hannunsa na ja. Akwai maɓallin amincewa, akwai na ƙi a gefensa, tazararsu ba ta kai faɗin yatsa ba, kuma na tsaya a tsakiya fiye da yadda ya kamata.

"Ƙanwata," ya ce, "in kika ɗora ni a kan wancan, ba zan sani ba. Shi ya sa nake sauka."

Na kai hannunsa inda ya nema. Ya danna.