Bokitin Mai Taki

Kawuna, yayan mahaifiyata, ba shi da gonar a zo a gani. Awaki yake da su, garke guda, da kuma hannu a buɗe. Da bazara ta kama sai ya share turke, ya loda kashin awaki a amalanke, ya bi gonakin mutane yana saukewa kyauta. Shi ya sa kowa ke ce masa Mai Taki. In ka yi masa godiya sai ya harare ka.

"Kashi ne fa," zai ce. "Wa ya taɓa gode wa kashi?"

Amma ni na san halin kayana. Godiyar nan ta fi masa nama daɗi, ita ce sunansa a gari.

Ana nan sai wata ƙaya ta addabe mu, mai 'ya'ya kamar wake. Mun sa mata suna Shiga-ba-sallama. Ka sare ta yau, gobe ta tofo da 'yan'uwanta. Ta cinye gefen gonaki, ta fara leƙa tsakiya. Kawu ya fi kowa tsine mata, shi ne ma ya matsa wa masu gonaki su riƙa haɗuwa a ajin firamare bayan an tashi yara. Malamar gona tana zuwa, kowa yana faɗin abin da ya gwada. Ka ga dattawa da furfura a kan bencin yara, gwiwa har haɓa.

A nan muka koyi tono ta da saiwa tun tana ƙarama. Wata rana malamar ta ce sara kaɗai ba zai yi ba, sai mun gano ta inda irin yake shigo mana. Kowa ya kawo abin da yake zubawa a gona cikin gwangwani: wani ƙasar bakin rafi, wani tokar shara. Aka jera a taga ana ba su ruwa. Kawu ya kawo takinsa a tsohon bokiti, don shi ba ya abu kaɗan.

Ranar da muka koma, gwangwanayen ba abin kirki, bokitin kuwa ya yi kore shar. Malamar ta tsinki ganye ɗaya ta duba, ashe ƙayar ce. Ta yi bayani a hankali, ba ta kalli kowa ba. Akuya tana son 'ya'yan ƙayar, in ta ci sai irin ya ratsa cikinta ya fito lafiya lau, har ya fi saurin tsirowa.

Ina kusa da Kawu, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kawu ya cire hula, ya mayar, sannan ya miƙe da ƙyar daga bencin.

"Jama'a, ashe ni ne. Da hannuna na kai muku ita har gona. Ku yafe mini."

Babu wanda ya yi salati, babu wanda ya riƙe baki. Wata tsohuwa da gonarta ke maƙwabtaka da tasa ce ta yi magana.

"Zauna, Yaya. Wasunmu mun daɗe da ganewa."

"Kun gane?"

"Duk inda ka sauke, nan take fara fitowa. In ka juya baya sai mu kwashe mu kai kwari mu zubar."

"To me ya hana ku faɗa mini?"

"Haba, Yaya. Wa zai kalli idonka ya ce ba ya son kyautarka?"

Kawu ya bi fuskoki da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan mahaifiyata, ita ma ta sunkuyar da kai. Wannan ya fi bokitin yi masa ciwo, kuma wallahi ban san wa zan fi jin wa kunya ba, shi ko su.

Bai daina zuwa ajin ba, sai dai a baya yake zama. Kullum da safe yana kwari da gatari da magirbi, yana tonon ƙayar da ta tsiro inda aka riƙa zubar da takinsa, shi kaɗai, in an ce a taya shi ya ce a'a. Ya hana awakinsa kusantar ƙayar. Takin kuma yana binne shi a rami ya ruɓe sosai, kamar yadda aka koya mana. Malamar ta gwada a gwangwani, ko tsiro ɗaya bai fito ba, ta faɗa a gaban kowa.

Tarin takin yana nan bayan gidansa, baƙi wuluk, ya kusa kamo katanga. Shi bai kai wa kowa ba, mu kuma har yau an rasa wanda zai iya buɗe baki ya roƙa.