Ranar da Muke Bari Tana Wucewa

Shekarar da muka sa sola a gidanmu na Jekadafari a Gombe, na zama ɗan sandan wuta. Da rana tsaka nake bi ɗaki-ɗaki ina kashe fanka, ina faɗan a bar wa batir ƙarfinsa. Maiɗakina kuwa da ta idar da sallar asuba take guga, ta kunna injin jan ruwa, yadda muka saba tun lokacin da sai da asuba ake kawo wuta. Duk da wannan tsimi, kafin bakwai na safe wutar ta mutu.

Na kira wanda ya haɗa mana solar na wanke shi tas, na ce mataccen batir ya sa mini.

"Alhaji, yi haƙuri," in ji shi. "Buɗe manhajar da na sa maka a waya, ka sauke bayanan sati guda ka turo mini."

Na danna, sai ga jadawalin cikar batir awa-awa. Kafin in tura na gano da kaina: tun ƙarfe sha ɗaya na safe batir ke cika, daga nan har la'asar ranar Gombe dukan banza take wa rufinmu. Ashe gumin banza na sa iyalina.

Washegari muka mai da guga da jan ruwa bayan azahar. Tanki ya cika har yana zuba, maiɗakina ta buɗe wa matan maƙwabta ƙofa su ɗiba. Ni kuma na ƙure fanka, na miƙe a ƙarƙashinta.